Injin Walda na MIG don Aikin Gida a Kaduna: Wanne Za Ka Saya?

Ranar wata Asabar wani abokin aikina ya zo gidana a Unguwar Dosa, ya same ni a gareji ina haɗa ƙafafun teburin ƙarfe. Ya daɗe a tsaye, da gilashin waldar da na miƙa masa a fuska, yana kallon yadda waya ke fitowa daga bakin bindigar da kanta, ba tsayawa canza sanda, ba ƙwanƙwasar ɓawo. Da na saki kunamar bindigar sai ya ce, "Malam, ni ma irin wannan nake so." Ya ciro salularsa ya nuna mini hotunan injina huɗu da ya daɗe yana jujjuyawa a ransa, ya ce in nuna masa guda. Na ce masa hoto ba zai raba mana gardama ba, sai ya fara gaya mini irin wutar da ke gidansa, da inda zai riƙa cika gas, da kaurin ƙarfen da zai riƙa haɗawa.

Irinsa na rubuta wa wannan: mutumin da walda ba sana'arsa ba ce, amma hannunsa na yi masa ƙaiƙayin aikin ƙarfe a ƙarshen mako. Kejin kaji, teburin aiki, murhun gasa nama, kantar ajiye kaya, gyaran ƙyauren da ya ɓalle, wani lokaci har da liƙin bodin tsohuwar mota.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, injin MIG yana turo siririyar waya daga naɗi ta cikin bindiga. Wayar tana narkewa tana cike mahaɗar, iskar gas kuma tana fitowa ta bakin bindigar tana kare narkakken ƙarfen daga iskar gari. A Amurka aka fito da hanyar a 1948, galibi don alminiyam. A 1953 masana a Tarayyar Sobiyet suka nuna za a iya amfani da iskar CO2, daga nan ta yi araha ga baƙin ƙarfe. Sauƙin koyonta ne ke jan mutane, kuma da gaske tana da sauƙin. Sai dai a Kaduna abin da ke sa injin ya yi maka amfani ko ya zama kayan ado a lungun gareji yawanci ba ya cikin kwalinsa.

Abubuwan da za ka auna

Na farko wuta, kuma a nan aka fi yin asara. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a kan 50Hz. Injin da ke walda a amfiya 160 yana fitar da kusan kilowat 3.5 a bakin bindiga, abin da yake ja daga bango kuwa yakan kai kVA 5 zuwa 6, wato amfiya ashirin da wani abu. Soket ɗin ɗakinka na amfiya 13 ne. Idan a amfiya 80 ko 90 kake aiki, kamar yadda ake yi a kan siririn fayif, soket ɗin zai ɗauka. Da ka ƙara wuta don haɗa angul mai kauri, fis zai ƙone ko filogi ya narke. Don haka ka sa kuɗin jawo layi na musamman daga akwatin rarraba wuta cikin lissafinka, da wayar jan ƙarfe ta gaske mai kaurin 4mm² da nasa makatsin wutar. Idan da janareta za ka yi aiki, mai kVA 2.5 da ake kunna fanka da talabijin ba zai ɗauka ba. Za ka ji ya yi nishi duk lokacin da ka danna kunama, wutar da yake bayarwa tana hawa da sauka, kuma wannan hawa da saukar ce ke kashe allon lantarkin da ke cikin injin. Ka nemi kVA 6.5 zuwa sama, mai na'urar daidaita wuta ta AVR. Inbatar sola ta gida, irin mai kVA 1.5 ko 3.5 da ta cika unguwanninmu yanzu, kada ka ɗora mata walda.

Na biyu gas. Baƙin ƙarfe ana haɗa shi da CO2 zalla, ko da gaurayen iskar agon da CO2, yawanci kashi 75 da 25 ko 80 da 20. Gaurayen ya fi ba da walda mai santsi da ƙarancin tartsatsi, ya fi kuma tausaya wa siririn ƙarfe. CO2 zalla ta fi araha, ta fi sauƙin samu, ta fi cin ƙarfe, amma tana fesa tartsatsi. Kilo ɗaya na CO2 yana ba da lita ɗari biyar da ɗoriya, kuma a lita 10 a minti ɗaya tukunya mai kilo 5 za ta ba ka fiye da awa huɗu na walda zalla. Ga mai aikin Asabar da Lahadi wannan watanni ne. Kafin ka biya kuɗin injin, ka taka ka je wurin masu sayar da iskar oksijin ga masu walda, ka tambaye su ko suna cika CO2 ko gaurayen, da irin bakin tukunyar da suke karɓa, don rigiletarka, wato na'urar da ke daidaita fitar gas daga tukunya, ta dace da ita. Wasu suna amfani da tukunyar kashe gobara ta CO2. Tana da bututu a ciki mai ɗebo ruwan gas daga ƙasa, idan ba a cire shi ba ruwan zai shiga rigileta ya daskarar da ita. Gas ɗin girki da iskar oksijin kuwa ba su da wata alaƙa da wannan aiki, kada wani ya ce maka a gwada.

Sai kaurin ƙarfe. Ƙa'idar da ake bi ita ce kusan amfiya 40 ga kowace milimita ɗaya. Fayif mai kusurwa huɗu da muke saya a kasuwa yawanci tsakanin milimita 1 da 2 yake, angul da filet na aikin gida kuma 3 zuwa 5. Bodin mota bai cika wuce milimita 1 ba. Ka ga ke nan mai aikin gida ya fi buƙatar injin da ke iya sauka ƙasa ya tsaya daram a amfiya 30 ko 40 fiye da wanda ke alfahari da 300.

Na huɗu juriyar aiki. A jikin kowane injin kirki akwai farantin bayani, a kansa za ka ga harafin X da kaso cikin ɗari. Ma'anarsa mintuna nawa cikin goma injin zai yi yana walda kafin zafi ya sa ya tsaya. Idan an rubuta kashi 20 a amfiya 160, minti biyu ke nan na aiki, takwas na hutu. Ƙa'idar IEC 60974-1 ta ce a zafin digiri 40 ake yin wannan awo, kuma wanda ya san garejin kwano a Kaduna cikin watan Maris ko Afrilu ya san wannan ba zafin takarda ba ne. Wasu masu ƙera injinan arha a ɗaki mai sanyi suke awonsu don lambar ta yi kyau.

Wannan farantin ne kuma ke tona asirin kwali. Injina na farko, an rubuta 250 da manyan lambobi a jikinsa. Da na fara gane abubuwa na duba layin I1max, wato iyakar wutar da yake ja daga bango, sai na ga amfiya 20. Ashirin sau 230 ya ba da 4,600. Walda a amfiya 250 tana buƙatar kusan bolt 26.5 a bakin bindiga, wato fiye da wat 6,600. Injin ba ya fitar da abin da ya fi wanda ya sha. Mai shagon da ya sayar mini wataƙila shi ma bai sani ba, amma kuɗina dai sun tafi a kan lambar da babu ita. Wannan lissafin minti ɗaya zai ɗauke ka a gaban mai kaya.

Na biyar kayan da ke ƙarewa: waya, ɗan kan jan ƙarfen da waya ke fita ta cikinsa, murfin bakin bindiga, bututun da ke cikin igiyar bindiga, da rolar da ke tura waya. Injin da bindigarsa ke da mahaɗar Yuro, wadda ake kwancewa da hannu, kuma irin MB15 ce, kayansa sun fi yawa a duniya, ko ba a samu a Kaduna ba za a aiko maka daga Kano ko Legas. Wanda aka ɗinke bindigarsa a cikin injin, ranar da igiyar ta lalace sai an buɗe cikinsa.

Na ƙarshe wa zai gyara, da kuma jimillar kuɗi. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 farashin kayan da ake shigowa da su ba ya kwana wuri ɗaya, shi ya sa zan kwatanta su da juna maimakon in kira lamba. Abin da ba ya canzawa shi ne kuɗin injin ba shi ne kuɗin fara walda ba. Akwai tukunya, rigileta, waya, hular walda, safar hannu, giranda da layin wuta.

Zaɓi na ɗaya: ƙaramin inji marar gas

Shi ne ya cika tallace-tallace a Facebook da Jiji, ɗan ƙarami kamar akwatin rediyo, ana ɗaukarsa da hannu ɗaya. Yana amfani da waya mai hoda a cikinta, irin E71T-GS ko E71T-11, hodar ce ke ƙonewa ta kare waldar. Yawanci naɗin kilo 1 kawai yake ɗauka, kuma ƙarfinsa na gaskiya amfiya 100 zuwa 140 ne, ko me aka rubuta a kwali.

Shi ya fi kowa araha a ranar saye, ba tukunya ba rigileta. Yana jan wuta kaɗan, soket na gida yana ɗaukarsa a yawancin aiki. Babban abin da ya fi sauran da shi kuwa iska ba ta dame shi ba. Walda da gas ba ta son ko da iskar fanka, balle ta hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wadda ke kwashe gas ɗin ta bar maka walda mai ramuka kamar saƙar zuma. Wanda a tsakar gida zai riƙa aiki, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wayarsa ta fi wayar gas tsada nesa, sau da yawa ninki biyu ko fiye a kowane kilo, ƙaramin naɗi kuma ya fi babba tsada. Yana hayaƙi sosai, yana tartsatsi, yana barin ɓawo da sai ka kankare. A ƙarfen da bai kai milimita 1.2 ba yakan huda, don haka ba na aikin bodin mota ba ne. Na'urar tura wayarsa yawanci roba ce, da ta fara cinyewa waya za ta riƙa fitowa tana tsayawa. Idan allonsa ya ƙone, kuɗin gyara kan kusa kai kuɗin sabo.

Zaɓi na biyu: injin walda na inbata (mai allon lantarki a madadin babban taransifoma) mai aiki uku, amfiya 160 zuwa 200

Wannan yana walda da gas, yana yi da waya mai hoda, yana kuma yi da sanda, wato abin da aka rubuta MMA a gabansa. Wasu har da TIG mai sauƙi, wato walda da iskar agon da tsinken da ba ya narkewa. Yawancinsu daga Sin suke, akwai masu suna irin Jasic na birnin Shenzhen, da irin Ingco da Total da shagunan kayan aiki suka saba da su, akwai kuma tarin marasa asali masu canza suna kowace shekara. Yana ɗaukar naɗin kilo 5, nauyinsa yawanci tsakanin kilo 10 da 15.

Shi nake amfani da shi yanzu, kuma shi zan nuna wa yawancin masu tambaya. Dalilina ba kyan waldarsa ba ne kawai. Ranar da gas ya ƙare, sai in sa waya mai hoda. Ranar da waya ta ƙare gaba ɗaya, sai in aiki yaro ya sayo sanda geji 12 ko geji 10, wadda babu unguwar da ba a sayar da ita daga Kawo har Kakuri. Aiki ba ya tsayawa saboda abu ɗaya ya yanke. Da wayar gas ta ER70S-6 mai kaurin milimita 0.8 za ka yi kusan duk aikin gida, da 0.6 kuma ka liƙe bodin mota ba tare da ka huda ba.

Abin dubawa a jikinsa kafin ka biya: a ce na'urar tura wayar ta ƙarfe ce, bindigar mai mahaɗar Yuro ce, kuma akwai wurin juya igiya tsakanin + da −. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin wayar gas tana son bindiga a kan +, wayar hoda marar gas kuma a kan −. Idan ka manta ka juya, za ka ga tartsatsi kamar ana suyar gyaɗa, waldar kuma ba za ta kwanta ba. Rola ma iri biyu ce, mai santsin rami ta wayar gas, mai haƙora ta wayar hoda. Ka kankare bakin igiyar da ake maƙalawa a jikin ƙarfe da wuƙa, idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, za ta riƙa zafi, ka shirya canza ta. Masu alamar SYN suna saita bolt da gudun waya da kansu idan ka gaya musu kaurin waya da irin gas. Yana taimakon sabon shiga ƙwarai, amma ka tabbata injin yana barin ka gyara saitin da hannunka, musamman idan CO2 zalla kake amfani da ita.

Rauninsa shi ne raunin kowace inbata: ƙura da wuta marar tsayawa. Fankarsa tana zuƙo ƙurar hunturu da garin ƙarfen giranda ta tara su a kan allo, garin ƙarfe kuwa yana ɗaukar wuta. Kada ka yi gurza kusa da shi, ka rufe shi idan ka gama, ka cire filogi idan an ɗauke wuta don kada a dawo da ita da ƙarfi ta same shi a kunne, kuma lokaci-lokaci, bayan ka cire shi daga wuta ya daɗe, a hure cikinsa da busasshiyar iska. Yawancinsu suna jure raguwar wuta ta kusan kashi 15 cikin ɗari. Idan unguwarku ta saba da wutar da ko fanka ba ta juyawa da kyau da yamma, ka nemi mai alamar PFC, wanda ya fi jure raguwar wuta, ko ka dogara da janareta. Kuɗinsa na matsakaici ne, amma da tukunya da rigileta da layin wuta jimillar za ta haura yadda ka zata.

Zaɓi na uku: tsohon inji mai taransifoma, na hannu

Waɗannan su ne manya masu taya da ake shigowa da su daga Turai, na kamfanoni irin Telwin na Italiya ko tsofaffin ESAB. Cikinsu naɗin waya ne da ƙarfe, sai ɗan ƙaramin allo na tura waya. Ana ƙara musu wuta da makunni mai mataki-mataki. Ƙura ba ta cika yi musu illa ba, kuma idan naɗin ya ƙone, masu sake naɗin waya a Panteka, kasuwar ƙarafa da masu gyara ta Kaduna, sun san abin da za su yi da shi. Ta fuskar daɗewa babu na biyunsu a wannan jeri.

Sai dai nauyi gare su, daga kilo 25 zuwa fiye da 50, inda ka ajiye nan za su zauna. Suna jan wuta da yawa a lokacin tayar da walda, kuma ƙarfin da suke bayarwa yana bin wutar bango: ta ragu, waldarka ta yi sanyi nan take. Matakan makunninsu kan yi tazara, wani lokaci na biyu ya yi kaɗan, na uku ya huda. Ba sa walda da sanda. Kuma kayan hannu ne, ba ka san wahalar da suka sha ba.

Abubuwa biyu za ka kiyaye. Da yawa daga cikin manyan na wuta mai layi uku ne, bolt 380 ko 400, gidan da ke da layi ɗaya ba zai tayar da su ba. Ka karanta farantin, kada ka tsaya a maganar mai kaya. Sai kuma waɗanda aka kawo daga Amurka. Hobart Handler 140, alal misali, inji ne mai kyau da masu aikin gida a can suke yabo, amma na bolt 115 ne a kan 60Hz, juriyarsa kashi 20 a amfiya 90. A nan sai ka saya masa taransifomar rage wuta mai kusan kVA 3, kuma naɗin da aka yi don 60Hz ya fi yin zafi a kan 50Hz ɗinmu. Idan ɗan'uwa zai aiko maka da inji daga can, ka roƙe shi ya nemi mai karɓar bolt 230.

Kada ka sayi na hannu sai an kunna shi a gabanka, an yi walda a mataki mafi ƙasa da mafi sama, ka kuma saurari motar tura wayar ko tana tafiya sumul. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Zaɓi na huɗu: sabon inji na manyan kamfanoni

Lincoln Electric da Miller na Amurka, ESAB da aka kafa a Suwidin a 1904, Kemppi na Finlan. Lambar da suka rubuta ita ce gaskiyar injin, wutarsu tana kwanciya lafiya ko a mafi ƙarancin amfiya, takardunsu a bayyane. Kuɗinsu ya ninka na zaɓi na biyu sau da dama, kuma garantinsu yana aiki ne idan ta hannun dilan da kamfanin ya amince da shi ka saya. Idan allo ya mutu, sai an yi odar wani. Ga mai kejin kaji da tebur, bambancin kuɗin ya fi amfani idan ya tafi a kan hular kirki, janareta da ƙarfen koyo.

| Abin dubawa | Ƙarami marar gas | Inbata mai aiki uku | Tsohon taransifoma | Sabon babban kamfani |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | Mafi ƙasa | Matsakaici | Ya danganta da lafiyarsa | Mafi sama |
| Kuɗin tafiyarwa | Waya mai tsada | Mai sauƙi | Waya mai sauƙi, wuta da yawa | Mai sauƙi |
| Siririn ƙarfe | Yana hudawa | Yana yi da kyau | Yana yi, saiti na da wuya | Ya fi kowa |
| Aiki a fili | Yana yi | Yana yi da hoda ko sanda | Sai an kare iska | Ya danganta da samfuri |
| Daɗewa | Gajere | Matsakaici, in an kula | Dogo | Dogo |
| Gyara a Kaduna | Bai cika biya ba | Ana samun masu gyara | Mafi sauƙi | Sai an jira kaya |
| Babban haɗari | Lambar ƙarya | Ƙura da wuta | Layi uku ko bolt 115 | Kuɗi ya kwanta |

Abin da kowannensu zai iya yaudarar ka da shi

MIG tana da wani aibi da sabon shiga ba ya gani. Tana iya shimfiɗa walda mai kyan gani a saman ƙarfe ba tare da ta narka shi ba. A watannina na farko na haɗa angul biyu, na ji daɗin yadda layin ya fito, na tafi da shi tsohuwar Panteka na nuna wa wani dattijon mai walda da nake sayen guntayen ƙarfe kusa da rumfarsa. Ya juya shi a hannu, ya ɗaure a bayis, ya ɗauko guduma. Bugu biyu ya rabu. Ya nuna mini gefen da ya ɓalle da farcensa, sumul, ko alamar narkewa babu. Ya ce, "Ɗana, a sama ta kwanta, ba ta ci ba. Ka goge ƙarfen ya yi fari, ka ƙara wuta, ka rage gudu." Na ce, "Na gode, Baba." Tun daga ranar duk sabon saiti sai na gwada shi a guntu na karya kafin in taɓa ainihin aikin. Abin da zai ɗauki ran mutum, kamar ƙafar tankin ruwa na sama, tirela ko sitiyarin mota, ka kai wa ƙwararre har sai hannunka ya nuna.

Damina ma tana da nata. Naɗin wayar da ka bari a cikin inji a watan Agusta zai yi tsatsa, tsatsar ta toshe bututun bindiga. Ka cire shi ka ɗaure a leda idan za ka yi makonni ba ka aiki ba.

Hular walda ta kasance mai duhun lamba 10 zuwa 13, kuma ta rufe fuska duka, domin hasken MIG yana ƙona fata kamar yadda yake ƙona ido. Baƙin tabarau ba kariya ba ne. Ka sa rigar auduga mai dogon hannu, yadin roba narkewa yake a jiki. Fayif mai rufin tutiya, wato galbanayiz, hayaƙinsa yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki, ka goge rufin kuma ka yi aikin inda iska ke wucewa. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kada ka kusance shi da walda, ko an ce an wanke. Tukunyar gas a tsaye, a ɗaure da sarƙa, nesa da rana. Yara kuma su bar wurin, don su ne ke tsayawa su ƙura wa hasken ido.

Wanne ya dace da wa

Idan kuɗinka kaɗan ne, aikinka a tsakar gida, kuma ƙarfenka daga milimita 1.5 zuwa 4 ne, ƙaramin marar gas zai yi maka, muddin ka yi lissafin farantin kuma ka tabbatar da inda za ka riƙa samun wayarsa. Idan kuma aikin naka ƙyaure ne da ƙarfen taga da angul kawai, sau biyu ko uku a shekara, ka ajiye maganar MIG ka sayi ƙaramar inbatar sanda. Koyonta ya fi ɗaukar lokaci, amma ta fi araha kuma sandarta tana bakin titi.

Idan kana da gareji ko rumfa mai kariya daga iska, kana son ka riƙa yin kujeru, tebura da kantoci da fayif, ko ka taɓa bodin mota, ka tara kuɗi ka sayi inbata mai aiki uku ta amfiya 160 zuwa 200. Ka fara da waya mai hoda da sanda idan kuɗin tukunya bai samu ba, ka ƙara ta daga baya.

Wanda ke da wuta mai ƙarfi ko babban janareta, da wurin aiki na dindindin, kuma ya fi son abin da za a iya gyarawa a gari, tsohon taransifoma mai layi ɗaya na bolt 230 zai daɗe yana yi masa hidima. Mai burin alminiyam ya sani sai da agon zalla da bindiga mai ɗauke da nata ƙaramin naɗin, ko aƙalla bututun tefulon a cikin igiyar bindiga, don haka ya nemo agon ɗin tukuna. Wanda kuma yake ganin sha'awar tasa za ta koma sana'a cikin shekara ɗaya ko biyu, yana walda kullum, shi ne sabon injin babban kamfani zai mayar wa kuɗinsa.

Abokin nawa yana zaune a Rigasa, janaretansa mai kVA 3 ne, aikinsa na farko kuma kejin kaji ne a bayan gida. Ya sayi inbata mai aiki uku, yana tafiyar da ita a ƙaramin amfiya da waya mai hoda, ya ce tukunya da babban janareta sai bayan Sallah.